Me Ya Sa Hatsin Bayan Gari Ya Fi Tsawo?



Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani gari na jihar Maradi. Na yi makarantar horon malamai, na koyar da yara shekara biyu a lakwal, daga baya na koma wajen manya. Ajinmu rumfar zana ce kusa da masallaci. Mata suna zuwa bayan azahar, maza kuwa bayan isha'i, kowa da allonshi da alli.

Yau zan yi magana bisa abin da ba a ambata gaban surukai. Ku yi mani haƙuri. Maganar ruwan ƙazanta ce: ruwan wanka da na wanke-wanke, da fitsari, da bayan gida.

Wani dare na rubuta kalma guda bisa babban allo: taki. Kowa ya kwafa. Sai na yi tambaya, na ce: "A duk gonakin garin nan, ina hatsi ya fi tsawo?" Ba wanda ya tsaya tunani. Baki ɗaya suka ce: "Bayan gari." Na ce: "Don mi?" Sai aji ya yi tsit. Can wani ya fashe da dariya, saura suka kama. Wani dattijo da ke zaune gaba ya ce mani: "Mushe, ka sani, mu ma mun sani. Kada ka sa mu faɗi da bakinmu."

Gaskiyarshi. Duk manomi ya san gonar da ke manne da gari, inda mutane ke kewayawa da asuba, inda ake zubar da shara da toka. Karanta kauri, ganyenta baƙi ƙirin don kore, zangarniyarta kamar damtse. Gonar nesa kuwa, wadda ake tafiyar sa'a guda kafin a kai, hatsinta ja-ja, gajere. Ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, iri ɗaya. Abin da ya raba su mun san shi tun kakanni. Kunya ce ta hana mu yi lissafinshi.

Abin da ya same ni

Ni ma ban yi wannan lissafi ba sai da wuya ta sa ni.

A damanar 2018 ciwon amai da zawo, wanda ake ce ma kwalara, ya ɓarke a Madarumfa, ya bazu cikin jiharmu. A ƙasarmu baki ɗaya, fiye da mutum 3,000 suka kamu, fiye da 70 suka rasu. Cikin wannan damana ɗiyata, tana da shekara biyu, ta kama zawo. Kwana biyu idonta ya faɗa, ko kuka ba ta iyawa. Na ɗauke ta bisa babur cikin dare, uwarta na riƙe da ita a baya, muka tafi gidan likita. Allah ya taimaka ba kwalara ba ce. Aka ba ta ruwan gishiri da sukari, aka riƙe mu kwana uku, ta tashi.

Ranar da za a sallame mu, likitan ya tambaye ni: "Ina kuke ɗibar ruwan sha?" Na ce rijiyar ƙofar gida. Ya ce: "Ina salangarku?" Na ce cikin gida, jikin katanga. Ya ce: "In ka koma, ka auna tsakaninsu da ƙafarka."

Na koma na auna. Taku goma sha ɗaya.

Garinmu cikin fadamar gulbi yake, ruwa kusa yake. Da damana ruwan ƙasa shina tasowa. Ni kuwa da na gina salanga, na sa an zurfafa ramin sosai don kada shi cika da wuri, har ina alfahari da zurfinshi. Ashe gindin ramin da ruwan rijiya sun kusa gamuwa a ƙarƙashin ƙasa. Ban da wannan, ruwan makewayinmu ta wuriya shike fita, shi taru cikin gologo a bakin hanya. Baƙi, mai wari, sauro na ƙyanƙyasa ciki, agwagi na wanka, yara na wasa gefe. Sau biyu muna cacar baki da maƙwabcina don ruwan shina bin gindin katangarshi.

Likitan ya ce mani ciwon zai iya fitowa daga rijiya, ko daga ƙuda, ko daga hannu. Duk ɗaya ne a wurina, don duka ukun daga gidana suke. Ni da ke rubuta "tsabta" bisa allo manya su kwafa, ni ne ɗiyata ta kusa tafiya. Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar nan ba.

Babban tiyo ba zai zo garinmu ba

Daga nan na fara tambaya da karatu: sauran duniya yaya suke yi da nasu ruwan ƙazanta?

A manyan biranen ƙasashe masu arziki, kowane gida shina da tiyo da ke shiga ƙarƙashin ƙasa. Ƙananan tiyo su zuba cikin manya, manya su kai ruwan gari duka wuri guda, inda injuna ke tace shi dare da rana. Aiki ne mai kyau, amma shina son abu huɗu: kuɗi masu yawa, lantarki da ba ya yankewa, ma'aikata masu sani, da ruwa mai yawa na tura ƙazantar. Kowane zagayawa guda shina cin lita 6 zuwa 10 na ruwa mai kyau. Ku tuna da matan garuruwan tudu, masu jan guga daga rijiya mai gaba talatin. Wa zai ce masu su zuba rabin tulu don kora bayan gida?

A shekarar 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da lissafi cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan ƙazantar duniya ana sakinshi ba a tace ba. A ƙasashe matalauta, abin da ake tacewa bai wuce kashi 8 cikin 100 ba. Ko a Yamai, da Maradi, da Damagaram, da Tawa, yawancin gidaje da rami suke aiki. In babban birni bai samu wannan tiyo ba, mu na ƙauye kada mu zauna jiranshi.

To, akwai wata hanya. Maimakon a tara ƙazantar gari duka a kai ta nesa, kowane gida, ko unguwa, ko lakwal, ko kasuwa, shi gyara tashi nan inda ta fito. Ma'aikatan wannan hanya ba su karɓar albashi. Su ne rana, da ƙasa, da tsirrai, da lokaci, da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu cinye ƙazanta su maida ta ƙasa. Kuma in an gama, ba zubarwa ake yi ba. Ana samun taki da ruwan ban-ruwa.

Wasu sun riga mu. A gabashin birnin Kalkata na ƙasar Indiya akwai fadama mai faɗin hekta 12,500. Ruwan ƙazantar birnin shina shiga tafkuna marasa zurfi. Rana ta buge shi, gansakuka ta tsiro ta sha ƙazantar, kifi shi ci gansakuka, masunta su kama kifin su kai kasuwa, sauran ruwan a shayar da shinkafa da kayan lambu. A Indiya ɗin dai, tun 1970 wani mutum mai suna Bindeshwar Pathak ya yaɗa salanga mai rami biyu: ana amfani da ɗaya, ɗaya na hutawa. A ƙasar Sin da Indiya manoma da yawa suna tara kashin dabbobi da na mutane cikin rufaffen rami, iskar da ke tashi su kunna ta su dafa abinci. A Wagadugu masu bincike sun tace ruwan ƙazanta cikin tafkuna da kainuwa, wannan dai kainuwar da muke ce ma dashen Allah.

Takin ruwa na Agiye

Amma abin da ya fi kama hankalina ba a nesa aka yi shi ba. Nan jiharmu ne.

A 2008 da 2009, a wasu garuruwan gundumar Agiye, an yi wani aiki tare da manoma. Cibiyar CREPA mai kula da ruwa da tsabta tana ciki, asusun FIDA ya ba da kuɗi. Aka ce ma mutane su riƙa tara fitsari cikin bido, su rufe, su aje wata guda, sa'an nan su kai gona. Don a rage nauyin baki, aka raɗa ma abin suna: takin ruwa. Na salanga kuwa, bayan ya bushe ya zama ƙasa, aka ce mashi takin busasshe. Masu aikin sun yi lissafi: abin da gida mai mutum 9 ke fitarwa a shekara, ƙarfinshi ya kai kamar buhu guda na ure mai kilo 50, da buhu guda na takin NPK mai kilo 50. Buhu biyu na takin zamani ke nan, kowace shekara, muna binne su ko muna bar ma ƙuda.

Bayan haka matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya a Maradi suka ɗauki abin, tare da ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Su kuma suka sa mashi suna Oga. Daga 2014 zuwa 2016 aka gwada shi a ɗaruruwan gonakin hatsi na mata. Kowace ta raba gonarta biyu, gefe da Oga, gefe babu. Da aka haɗa lissafi, gefen Oga ya fi da kamar kashi 30 cikin 100. Wato inda ake ɗaure dami goma, a ɗaure sha uku. Kun san irin gonar da ake ba mace: ta nesa, wadda ta gaji. Kun kuma san mace ba ta cika samun kuɗin buhun taki ba, balle a 2022 da takin zamani ya yi tsada a duniya duka.

Mi ya sa abin ke aiki? Ba tsafi ba ne. Hatsi shina shan abincinshi daga ƙasa. Mu ci hatsin. Jikin babban mutum ba ya riƙe wannan abinci na ƙasa, kusan duka shina fitowa. Sinadarin da ke sa ganye kore, wanda muke saye cikin buhun ure, yawancinshi cikin fitsari shike fita. Ƙwayoyin cuta kuwa, masu kawo zawo da kwalara da tsutsar ciki, yawancinsu cikin bayan gida suke. Ga asirin duka: ƙarfin na gefe guda, cutar na gefe guda. In ka gama su cikin rami mai ruwa, ka ɓata mai amfani, ka ba mai cuta ƙafar tafiya. In ka raba su, kowanne shina da sauƙin gyara.

Gardama cikin gida

Da na kawo maganar gida, ban samu tarba ba. Maiɗakina ta ce: "Malam, karatun ne ya kai ka haka? In maƙwabta suka gani, da wane ido zan je rijiya?" Innata kuwa ta ce: "Ɗan nan, najasa ce fa. Hatsin da aka yi da najasa, da shi za ka yi mani fura in yi salla?"

Maganar Inna ta fi yi mani nauyi, don ba ni da amsarta. Na tafi wajen limaminmu. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara, ya shiga ɗaki ya ɗauko Muhtasar na Shehu Halil, ya buɗe babin tsarki. Ya nuna mani inda aka lissafa abubuwa masu tsarki, cikinsu har da shukar da aka shayar da najasa. Ya ce: "Fitsari najasa ne, wannan ba gardama. In ya taɓa jikinka ko tufarka, sai ka wanke kafin salla. Amma hatsin da ya tsiro, halal ne. In ba haka ba, wa zai ci hatsin bayan gari?" Ya ƙara da cewa in ware tufafin aikin daban.

Na kawo ma Inna wannan amsa. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce: "To, amma kada in ga bidon nan kusa da randata." Na ce na yarda.

Yadda muke yi yanzu

Ga abin da muke yi a gidana, da kurakuran da na yi, don kada ku maimaita.

Na farko, fitsari. Muna da bido na roba mai lita 25, da mazurari a bakinshi, a kusurwar makewayi. Mata suna yi cikin wani kwano na musamman su juye. Roba za a sa, ban da ƙarfe: tanon ƙarfe da na fara da shi tsatsa ta cinye shi. In bido ya cika, a toshe shi sosai. Ƙarfin takin iska ne, in an bar baki buɗe shina tashi, shi ne warin da kuke ji. A rubuta ranar da aka rufe a jikin bidon, a aje shi cikin rana. A Agiye wata guda ake jira, matan Oga kuwa wata biyu zuwa uku. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idodinta na 2006, ta ce in an tara na mutane da yawa, kamar na lakwal ko kasuwa, kuma za a sa ma abin da ake ci ɗanye, a jira wata shida. Cikin wannan jira fitsarin da kanshi shike yin kaifi kamar ruwan toka, shi kashe ƙwayoyin cuta.

Wajen zubawa, ƙasa ake ba, ba ganye ba. A ja ɗan rami tazarar tafin hannu daga gindin shuka, a zuba, a rufe da ƙasa nan take. Ga hatsi, a jira shi yi sati biyu ko uku da tsirowa, a zuba bayan an yi ruwa, ƙasa na da laima. Ga lambu, a gauraya gwangwani guda da gwangwani uku na ruwa. Ni da farko zalama ta sa na kwarara shi tsantsa a gindin tumatir da tsakar rana. Kwana biyu suka ƙone ƙurmus, maiɗakina ta yi dariya har da hawaye. A daina zubawa wata guda kafin girbi ko tsinka. Kada a zuba shi cikin tafki ko gulbi ko kaɗan, don ta fitsari ƙwan tsargiya ke shiga ruwa. In an gama a wanke hannu da sabulu. Fitsarin babban mutum guda na shekara ya kai wajen lita 500, ya isa fili mai taku 20 tsawo da taku 20 faɗi.

Na biyu, salanga. Na cike tsohuwar da ƙasa da toka. Sabuwar na kai ta can ƙarshen gida, mita 30 daga rijiya, wajen taku arba'in, kuma ta gangare, ba ta sama da rijiya ba. Ramuka biyu ne kusa da juna, kowane zurfinshi mita ɗaya da rabi, don gindinshi shi yi nesa da ruwan ƙasa. Dabe guda na siminti muke da shi, mai murfi, ana iya ɗaga shi. Duk wanda ya zagaya shi zuba gwangwanin toka da busasshiyar ƙasa, shi maida murfi. Toka tana busar da abin, tana kashe wari, tana hana ƙuda. In rami ya kusa cika, a rufe shi da ƙasa, a rubuta ranar a jikin katanga, a maida dabe bisa ɗayan. Kada a taɓa shi sai ya shekara, in ya fi haka ma ya fi kyau, don ƙwan macijin ciki shi ne ya fi kowa taurin rai. Ranar da na buɗe namu na farko, na sa hanci ina jiran wari. Ƙasa ce baƙa, mai laushi, kamar ta gindin gawo. Ita ma cikin ƙasa ake binne ta kafin shibka.

Wanda ba shi da halin siminti da yawa, akwai dabara mai sauƙi da wani mai bincike, Peter Morgan, ya yaɗa a Zimbabuwe: a gina rami gajere, in ya kusa cika a rufe da ƙasa mai kauri, a dasa itace a kai, a matsa gaba a gina wani.

Na uku, ruwan wanka da wanke-wanke. Shi ne mafi yawa, kuma cutarshi ba ta kai ta salanga ba, amma in ya kwanta shi ne gidan sauro. Na toshe wuriyar da ke fita hanya. Cikin gida na gina rami mai zurfin mita ɗaya, na cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a tsakiya, yashi a sama, na rufe. Ruwan shina nutsewa, ƙasa tana tace shi, ba ya kwanciya a fili. Ruwan wanke-wanke muna fara tace shi da tsohon buhu, don maiƙo da dusa suna toshe yashi. In ya toshe, a kwashe yashin sama a sa sabo. Gefen ramin na dasa zogale da gwanda. Saiwarsu na shan ruwan, ba mu taɓa ba su na rijiya ba. Itatuwa ake ba wannan ruwa, ban da salati da duk abin da ake ci ɗanye.

Gani ya kori ji

Da na ga abin ya zauna a gidana, na kai shi aji. Wasu suka toshe hanci, wasu suka ce karatun boko ya taɓa ni. Ban yi gardama ba. Na ce mu yi yadda matan FUMA Gaskiya suka yi. Wani ɗalibi ya ba mu gefen gonarshi ta nesa. Muka auna fili biyu daidai da igiya, muka kafa turaku. Iri ɗaya, ranar shibka ɗaya, noma ɗaya. Ɗaya muka ba shi takin ruwa sau biyu, ɗaya muka bar shi.

A nan ne karatunmu ya yi rana. Kowa ya buɗe shafi cikin littafinshi: ranar shibka, ranar zuba taki, bido nawa, ranakun ruwa. Wata ɗaliba, wadda ta fara riƙe alli tana da jikoki, ita ce mai rubuta kwanan wata jikin bido da gawayi. Ta ce mani: "Mushe, da ba ni da rubutu, da sai in buɗe in shaƙa kafin in san ya nuna." Tun kafin hatsi shi yi bununi, masu wucewa suna tsayawa suna tambaya wane taki aka sa ma gefen nan. Da kaka muka sussuka kowane gefe daban, muka auna da tiya gaban kowa, kowa ya rubuta. Gefen takin ruwa ya fi, kuma ba da kaɗan ba. Dattijon nan da ya ce kada in sa su faɗi da bakinsu, shi ya fara tambayata inda ake samun bido mai araha.

Kada in ɓoye maku wuyar abin. Wari akwai shi ranar zubawa. Bido da siminti kuɗi ne. Bido cike shina da nauyi, kai shi gonar nesa sai da jaki ko amalanke. Takin ruwa shi kaɗai ba ya gyara gonar da ta mutu, tana son takin dabbobi da kara da itatuwa. Har yau akwai samarin da ke kirana Mushe mai bido in na wuce. Kuma wanda ya yi gaggawa, ya buɗe rami kafin lokaci, ya kai cuta gonarshi da hannunshi. Jiran nan shi ne maganin, ba a rage shi.

Abu na ƙarshe, shi ne mafi girma. Na gyara gidana, amma rijiyar ba tawa ce ni kaɗai ba. Gida bakwai ke sha cikinta. In salangar ɗaya daga cikinmu tana kusa, duk mun sha. Ƙudan da ya tashi daga bayan gari ba ya tambayar gidan wa ya yi tsabta. Don haka na tafi wajen maƙwabcina, wanda muka yi cacar baki da shi. Na ce: "Yaya, na zo ba da haƙuri, na kuma zo da roƙo." Muka auna tashi salangar tare. Taku goma sha biyar. Da rani muka yi gayya muka gina mashi sabuwa, daga nan muka bi sauran gidajen ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun rage, muna kan magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗiyata yanzu tana lakwal. Ita ke tsinko zogalen gefen ramin nan in uwarta za ta yi kwaɗo.

Ƴan'uwa, ga aikin da na ba ku, irin wanda nike ba ɗalibaina. Gobe da safe kowa shi auna da ƙafarshi daga salanga zuwa rijiya, shi rubuta taku nawa ne. Shi duba inda ruwan makewayinshi ke tafiya. Ku kai amsar aji, ku karanta ma juna, ku yi shawara da malamin gona da likitan da ke kusa da ku. Wanda ya gwada takin ruwa, shi rubuto ma wannan jarida abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi, don saura su ƙaru.

Allah shi ba mu lafiya da damana mai albarka. Amin.

Daga wani malamin yaƙi da jahilci, jihar Maradi.